Don Evaristo, Mai Kujerun Layin Mangwaro

Da rana ta karkata, zafin garin nan namu na bakin teku ya fara sassautawa, abin da Layin Mangwaro yake jira shi ne kukan tayar amalanke. Taya ɗaya ce cikin biyun take wannan kuka. An yi wa mai amalanken, dattijo Don Evaristo Cantillo, tsiya a kan ya ɗiga mata mai har an gaji, don cewa yake yi ita ce ƙararrawarsa. Da matan layin sun jiyo ta, sai ka ga ana hura gawayi, ana ɗora kasko.

Yakan turo amalanken daga lungun gidansu, ya jibga masa kujeru har sun fi shi tsawo, ga falankan katako a ƙasa. Ya tsaya a tsakiyar layi, ya ɗaga kai ya dubi inda inuwa ta kai, ya tofa yawu a tafin hannu, sannan ya fara saukewa. Falankan nan ya haɗa su baki da baki su zama dogon tebur guda ɗaya, ya kewaye shi da kujeru, ya bi da tsumma. Inuwa ta matsa, ya ja tebur ya bi ta. Wani ya tashi, ya goge wurin. Mai ciki ta iso, kafin ta waiga ya tura mata kujera. Sama da shekara talatin yana wannan aiki, kuma kafin makon jiya ba a sami wanda zai rantse ya taɓa ganinsa a zaune a layin ba.

Ranar Asabar ɗin da ta wuce ya ajiye aiki, bayansa ne ya ƙi. A bakin layin kuwa akwai wani allon dutse mai sheƙi da aka kafe, ɗauke da sunayen waɗanda aka ce su suka raya Layin Mangwaro. Na karanta shi daga sama har ƙasa, na sake karantawa ko idona ne. Babu Evaristo. Da wannan haushin na zauna rubutu, kuma ba zan ɓoye shi ba.

Tun zamanin da kawunsa yake tura amalanken, al'adar layin ita ce mai abinci ba ta da kujerar kanta. Ka sayi soyayyen kifi wurin Etelvina, ka tsallaka ka karɓi arepa, wainar masara mai ƙwai a ciki, wurin Donya Zunilda, shinkafar kwakwa a gaba, ruwan tsamiya mai sanyi can ƙarshen layi, sai ka kwaso ka zo teburin kowa. Direban bas ya zauna kusa da lauya, ma'aikaciyar jinya ta miƙa wa ɗan dako gishiri. Wanda ya zo sayen abu ɗaya sai ya hango farantin maƙwabcinsa, yawunsa ya tsinke, ya tashi ya ƙaro. Wanda ya zo da niyyar ya ci ya wuce sai 'yan wasan domino da mai kiɗan akodiyon su riƙe shi. In an tashi, kowace mai abinci ta sallami Evaristo da 'yan kuɗi, peso ɗin da suka sawwaƙa, wata ta haɗa masa da faranti. Ba wanda ya taɓa zama ya ce wannan tsari ne, yi kawai ake yi.

Sai gyara ya zo. Hukumar gari ta ce za ta mai da layin abin nuna wa baƙi. A nan dole in yi adalci: ba a ɓoye aka yi ba. An kira taro a zauren coci, wata matashiya mai zanen gine-gine ta shimfiɗa takardunta, ta ce kowa ya faɗi abin da yake so. Aka kuwa faɗa.

"Ni dai a ba ni wurina, da ƙofata, da kwaɗona," in ji Donya Zunilda, tana buga ƙirji. "Na tsufa ina suya a bakin kwata kamar wadda aka koro. So kuke in mutu ban taɓa riƙe makullin kaina ba?"

Zaure ya ɗauki tafi. Masu motoci suka ce mangwaro yana faɗo musu a gilashi, ganye yana toshe magudana. Wani ya ce a buɗe layin motoci su riƙa wucewa, ai mai mota shi ne mai kuɗi. Evaristo yana can baya a tsaye, hularsa ta kaba a hannu. Da hayaniya ta lafa sai ya ce, "To teburin fa?"

"Haba kompa!" in ji Zunilda. Ita ce ta riƙe 'yarsa ranar baftisma, shi ya sa take ce masa kompa, yake ce mata komadre, take kuma gaya masa duk abin da ta ga dama. "Kowa zai sami kujerunsa biyu a ƙofar shagonsa. Ka je ka huta, tsohon jaki, kafin bayan nan naka ya karye."

Aka bushe da dariya, shi ma ya yi. Kada wani ya ce maka ya hango abin da zai faru. Bai hango komai ba. Ya ga matan da ya taso tare da su za su sami rufi a kansu, ya tafa kamar kowa, ya koma gida ya jingine amalankensa.

Garin neman gira aka rasa ido. Itatuwan mangwaron da suka ba layin sunansa aka bi su ɗaya bayan ɗaya da zarto. Aka dasa wasu dogayen kwakwar ado masu 'yan ganye a ƙoli, inuwar giginya, na nesa ka sha. Aka jera shagunan ƙarfe masu fenti iri ɗaya, duk suna fuskantar titi, kowanne ya juya wa gidajen mutane baya. Tsakiyar layi, inda tebur yake zama, aka malala kwalta aka sakar wa motoci. Kowane shago aka ba shi kujeru biyu marasa majingina. Ba a daɗe ba wata ta ɗaure nata da sarƙa ta sa kwaɗo, sauran suka bi sahu.

A hoto ya yi kyau, wannan ba ƙarya. Amma ba a cin abinci a hoto. Shagunan suka zama tanda, mace tana suya tana soyuwa. Iyali su zo, uba yana son kifi, yara suna son arepa, babu inda za su zauna tare, sai a ƙulle musu a leda su wuce. Mai motar da aka yi wa shimfiɗa kuwa ba ya samun wurin tsayawa, sai ya danna hon ya bar wa mutane hayaƙi. 'Yan domino suka koma wata unguwa, mai akodiyon ya bi su. Tsofaffin da suke gidajen layin, waɗanda kowace yamma sukan fito da kujerunsu masu lilo su sha iska a ƙofar gida kamar yadda ake yi a ko'ina a garin nan, suka leƙo suka ga bayan shago da bututun hayaƙi, suka koma ciki suka rufe ƙofa. Shaguna suka fara rufewa. Etelvina da bakinta ta ce in wata ya ƙare a haka za ta sayar da kaskonta ta koma ƙauye wurin 'yarta.

Evaristo bai daina zuwa ba. Yakan zo hannu a baya, ya taka layin daga farko zuwa ƙarshe kamar wanda ya yar da wani abu. A irin wannan yawo ne wata yamma ya ga abin da ya hana shi sukuni.

Wilfrido, direban bas, ya ɗauko tsohuwarsa daga asibiti, ta ce ba abin da take marmari sai kifin Etelvina. Ya sayo mata. Kujerun Etelvina biyu da mutane a kai, sai ya zaunar da ita a ta Zunilda, wadda ba kowa.

"Wilfrido, wannan farantin na wa ne?"

"Na Etelvina ne, Donya. Yanzu za ta tashi, ƙafarta ce take..."

"To ta je ta zauna a kan Etelvinar. Kujerata ba ta cin kifi."

"Haba Donya, uwata ce fa!"

"Ni ma uwar wasu ce. Tun safe ƙuda nake kora. In mai saye ya zo, a kaina zai zauna?"

Tsohuwa ta ɗauki farantinta. Ta dafa ɗanta ta miƙe, ta jingina da ƙarfen fitila, rana tana dukanta, motoci suna wucewa dab da zanenta. Ta yi 'yan lomomi ta ce ta ƙoshi.

Na san Zunilda, ba muguwa ba ce. A zamanin tebur ita ce take ƙara wa yaran maƙwabta arepa ta ce wai ta ƙone. Tsoro ne ya kama ta. Ka ba mutum kujera biyu da sarƙa, ka ce masa su ne rabonsa a duniya, to ka mai da shi mai gadi. Abin da yake ƙona mini rai shi ne da bakinsu suka roƙi sarƙar.

Washegari aka jiyo kukan taya.

Kai ne, Don Evaristo, wanda aka sallama da dariya a gaban jama'a, amma ba ka tsaya jiran a zo a ba ka haƙuri ba. Kai ne ka bi garejin manyan motoci kana roƙon tsofaffin tampol, ka zauna da basilla kana ɗinke su har yatsunka suka fashe. Mangwaro ya tafi, ka ce to inuwa ai ana iya ɗinka ta. Kai ne ka bi gidajen layin ƙofa ƙofa kana neman izinin ɗaura igiya a baranda, aka zage ka a wani gidan, aka saki kare a wani, ka koma washegari da gaisuwarka.

Donya Herminia, tsohuwar da kowa yake shakkar bakinta, ita ta fara yarda. Ta leƙo daga bene ta ce, "Ɗaura, Evaristo. Amma ka karya mini fure ɗaya, da igiyar zan rataye ka."

Ya ɗaura. Ya jera teburinsa a gefen kwalta, ya ci rabin hanyar motoci, ya kewaye shi da kujerun roba. Ranar farko 'yan tsiraru suka zauna, suna waige-waige kamar ɓarayi. Kafin a jima 'yan domino suka ji labari. Etelvina ta fasa sayar da kasko.

Sai ga motar hukuma, da maza masu riguna iri ɗaya. Babbansu ya ce ba a yarda a kasa kayan sana'a a kan titi ba, teburin nan kuma ba ya cikin tsari. Evaristo ya ƙura masa ido.

"Kai ba ɗan Petrona ba ne? A teburin nan ka koyi cire ƙayar kifi."

"Ni ne, Don. Aiko ni aka yi."

"To ka bar mini ko rabin kujerun. Mutane suna kan cin abinci."

"Ba zan iya ba, Don. Ka yi haƙuri."

Bai sake ɗaga kai ba, amma ya loda. Aka tashi mutane da farantansu a hannu, aka kwashe kujeru da falankai ƙaf, amalanken kawai aka bari don sun ce ba zai shiga mota ba. Ban ga laifin ɗan Petrona sosai ba, bakin tuwonsa yake karewa. Waɗanda nake ganin laifinsu su ne masu abincin da cinikinsu ya farfaɗo saboda teburin nan. Kowace ta tsaya a cikin akurkinta na ƙarfe, ludayi a hannu, tana leƙe, don an ce wadda ta yi gardama za a karɓe makullinta. Ko mutum ɗaya bai fito ba. Tsoho ya tura amalankensa wayam ya koma gida shi kaɗai, taya tana kuka.

Kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Da yamma ta sake yi, sai ga shi da ƙyauren ɗakinsa, ya ciro shi ya ɗora a kan ganguna biyu ya zama tebur. Ga kujerun cin abincin gidansa. A can saman lodin kuma, ɗaure da zani, ga kujera mai lilo ta marigayiya Ninfa, matarsa, wadda tun rasuwarta bai bar kowa ya zauna a kai ba. Ya sauke ta a hankali, ya ajiye ta a tsakiyar inuwar tampol, ya goge. Sannan ya aika a gaya wa Wilfrido ya kawo tsohuwarsa ta ƙarasa kifinta.

Donya Herminia tana kallo daga bene. Ta gane kujerar, don shekara da shekaru tana hira da mai ita. Ta daka tsawa, "Evaristo! Kai, tsohon banza, hau ka sauko mini da tawa! Ninfa ba za ta sha iska ita kaɗai ba."

Ya hau ya sauko da ita a bayansa. Maƙwabciyarta ta ga haka, ta ce ita ma ba a fi ta gata ba. Kafin motar hukuma ta dawo, layin ya cika da kakanni, kowace a kan kujerarta ta gado, suna lilo suna fifita, sun bazu har tsakiyar kwalta. Ɗan Petrona ya sauko ya tsaya. Babu kayan sana'a ko ɗaya da zai kwashe, tsofaffi ne suke shan iska a layinsu kamar yadda iyayensu suka yi.

"Zo ka ɗauke ni, ɗan nan," in ji Herminia. "Amma ka haɗa da ni, don ba zan tashi ba. In ka kai ni ofis ɗinku ka ce ka kamo kakarka."

Ya sosa ƙeya, ya koma mota. Direbobi suka yi hon suka gaji, suka koyi bin wata hanya. Daga baya hukuma ta sanar cewa, bisa hangen nesanta, ta rufe layin ga motoci kowace yamma. A lokacin ne aka kafa allon dutsen nan, aka yanka ƙyalle, aka ɗauki hoto. Kujerun robarsa kuwa har yau ba a dawo masa da ko ɗaya ba.

Ga abin da allon bai faɗa ba. Kujera mai lilo katako ce mai nauyi, tsofaffin kuma yawancinsu a bene suke. Kowace yamma ta Allah shi yake hawa ya sauko da su a bayansa, in an tashi ya mayar. Matasa majiya ƙarfi suna zaune a inuwar da ya ɗinka, suna tanɗe yatsu, suna cewa, "Don Evaristo ƙarfe ne!" Ba ƙarfe ba ne, mutum ne mai shekara saba'in da wani abu. Bayan nan nasa da Zunilda ta yi masa tsiya a kai, a kan matakalar gidajen nan ya ƙare.

Ranar Asabar ya zo a sunkuye, ya yi aikinsa na ƙarshe a hankali. Layi ya cika maƙil, akodiyon yana tashi, hayaƙin kifi ya gauraye da ƙamshin kofi. Tsohuwar Wilfrido tana kan kujerar Ninfa. Da ya gama, ya duba, babu mazauni ko ɗaya da ya rage, sai ya jingina da amalankensa kamar kullum. Ba wanda ya lura.

Sai aka ji ƙarar guduma a kan ƙarfe. Donya Zunilda ce durƙushe a ƙofar shagonta tana dukan kwaɗo, don makullin ya yi tsatsa ya ƙi juyawa. Ta buga, ta sake bugawa, sarƙa ta zube. Ta ɗauko kujerar, ta ratsa jama'a, ta dire ta a tsakiyar titi a gabansa. Idonta ya yi ja.

"Zauna, kompa."

"Komadre, ban sayi arepa ba fa."

"Ka zauna, tsohon jaki, kafin in kwaɗa maka gudumar nan."

Ya dafa kafaɗarta ya zauna. Kiɗa ya tsaya, hira ta yanke. Ya dubi tampol ɗinsa daga ƙasa, ya dubi dogon tebur, ya dubi fuskokin da suke daidai da tasa a karon farko. Ya daɗe yana kallo.

"Ashe haka layin yake daga zaune," in ji shi. Can kuma ya ɗaga hannu ya nuna ƙarshen tebur. "Rana ta shigo wajen can. A ja shi baya kaɗan."

Mutane suka dubi juna, kowa yana jiran wani. Wilfrido ne ya miƙe ya kama gefe guda, Etelvina ta ajiye ludayi ta kama ɗayan.

Mun gode, Don Evaristo, inuwar gajiyayyu. Kai ne ka nuna mana cewa fenti da fitila ba sa riƙe mutum a layi, sai in ya sami inda zai zauna kusa da ɗan'uwansa. Kai ne ka ba da ƙyauren ɗakinka, da kujerar matarka, da bayanka, aka ba wa wasu allon dutse. Allah ya ba ka lafiya, ya sa ka daɗe kana zaune a cikinmu ana kawo maka faranti.

Ku kuma, 'yan Layin Mangwaro, tafi ya isa haka, kun taɓa yin tafi kun ga inda ya kai ku. Sarƙa ɗaya ce ta faɗi, sauran suna nan. Tun ranar Asabar ba a sake jin kukan taya ba, jiya Donya Herminia daga bene ta sha iskarta, tana leƙen wanda zai hau. Amalanken yana nan jingine a bakin lungu, inda ya bar shi. Wanda ya ji kunya ya je ya turo. Ba sai an nemi makulli ba, bai taɓa sa masa kwaɗo ba.